Barewa Mai Laya

Tun da na dawo bakina bai huta ba. In na je kasuwar Zango da daddawata, kafin in sauke ƙwarya an kewaye ni. "Inna Kande, yaya ƙasar Faransa?" In na je gidan suna, haka. Ranar nan a gidan makoki ma wata ta matso ta raɗa mini, wai da gaske ne barewar da kanta ta durƙusa? To na gaji. Na zaunar da matar jikana da ta yi boko, na ce ta ɗauki alƙalami, abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta ƙara gishiri, kada ta rage. Wanda ya sake tambayata a miƙa masa takarda.

Ga yadda abin ya faro. Marigayi maigidana shi ne Sarkin Bakan garinmu, wani ƙaramin ƙauye gabas da Zango. Sarautar maharba ce, ba ta da albashi, ba ta da doki. Abin da take da shi gona ce guda, ana ce mata gonar baka, ita ce mai manyan itatuwan ɗorawa a bakin hanyar rafi. Tun ina amarya nake tara ɗorawar nan. Da kalwarta nake daddawa, da daddawar na aurar da 'ya'yana mata, da ita nake sayen goro. Duk wanda aka naɗa, gona tasa ce, har da inuwarta.

Da Allah ya karɓi abinsa, sai mutum biyu suka tashi neman rawani. Ɗaya Ɗanjuma, ɗan ƙanen marigayi, wanda tun ba a share makoki ba na gan shi yana zagaya itatuwan nan da wani mai sayen katako. Ɗayan kuwa wancan ne, ɗana na fari. Ku da kuka san ni kun san ba na kama sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Ana yaye shi aka kai shi Daura wurin kawunsa, can ya tashi, can ya yi tumbi, can ya buɗe shagon taki da maganin feshi. Mutane na ce masa Alhaji Mai Taki. Abin da ya taɓa kashewa a duniya bai wuce ɓera da gara ba. Ragon layya ma mahauci yake kira, ya juya baya har a gama.

Maigari ya ce al'ada ba ta canza ba: ba a naɗa Sarkin Baka sai wanda ya kayar da barewa da hannunsa. Ya ba su zuwa saukar ruwan shuka. Maganar da sauƙi a baki. Gonaki sun cinye dajinmu tuntuni. Daga Zango har Baure, in ka ga abu mai ƙaho yana gudu, tsaya kaɗan za ka ga mai shi a bayansa da sanda.

Ana nan sai na tuna da ƙanwata Delu, wadda aka aurar can gaba da Damagaram, a ƙasar da mu tsofaffi muke ce wa Faransa, tun muna da sauran haƙora. Zuwanta na ƙarshe ta ce mini, "Yaya, mu can barewa har ƙofar gida take zuwa." Na aika wa wancan ta bakin matarsa. Ya aiko cewa bai san hanya ba, kuma Delu ba za ta gane shi ba. Na auna kunyar a gan ni a mota ɗaya da ɗan fari, na auna ɗorawata, sai ɗorawa ta rinjaya.

Kafin mu tashi na aika masa da gadon ubansa: kwari da baka, da warkin fata, da kan burtu. Don yaran yanzu, kan burtu shi ne kan tsuntsun nan baƙi mai dogon baki, da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana caccakar ƙasa kamar mai kiwo. Naman daji ba ya gudun burtu, har maharbi ya matso inda kibiya za ta kai. Na haɗa masa da abin da na ji daga bakin marigayi. Na farko, maharbi ba ya wanka da sabulu, don barewa da hanci take gani. Na biyu, ya ƙulla toka a tsumma, ya riƙa kaɗawa ya ga inda iska ta nufa, ya tunkare ta gaba da gaba. Na uku, kada ya gaya wa kowa abin da ya kai shi, don baki yana kore nama. Na ƙarshe, in yana dawa ya ji an kira shi, kada ya amsa, kada ya waiwaya, ko da muryar uwarsa ce, don mutanen ɓoye sun iya aron murya.

Shi kuma ashe yana can yana neman tasa shawarar a waya. Wai ya ga Turawa a bidiyo, su ba sa rarrafe. Kujera suke ratayawa a kan doguwar bishiya, su hau su zauna kamar alƙali, barewa ta kawo kanta. Wai kuma suna sa hula mai ruwan lemo don kada ɗan'uwansu maharbi ya harbe su. Ya je wurin mai walda aka ƙera masa kujerar ƙarfe mai sarƙa, ya sayi hular. Bai zaɓi tsakanin ubansa da Turawa ba. Duka ya ɗauka.

Muka haɗu a tashar Daura da hantsi, cikin bazara. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon wani mai rake. Shi ya shiga gaba, ni na shiga can baya tsakanin wata mai goyo da buhun barkono. Sabulu kuwa ya daɗe da rabuwa da shi. Ba mu bar gari ba aka sauke gilasai duka.

Kafin Mai'aduwa mota ta faɗa rami, jakarsa ta buɗe, bakin burtu ya leƙo ya caki direba a gwiwar hannu. Shi ke nan asiri ya tonu, motar nan ta koma makarantar farauta. Direba ya ce kakansa maharbi ne, kuma sirrin barewa ɗaya ne: tana jin kukan ciki daga nesa, don haka maharbi ya cika aljihu da ƙuli-ƙuli, ya riƙa tsotsa. Wani mai tabarmi ya ce a tunkare ta ta hagu, don idonta na hagu ne mai barci. Wani ɗan kasuwar shanu ya ce ƙarya ne, na dama ne. Suka kusa dambe a kan idon barewa. Da aka lafa sai mai goyon nan ta ce, "Malamai, a cikinku wa ya taɓa ganinta?" Can direba ya ce ya taɓa gani a jikin wata motar kaya, an zana ta da kyau. Muna tsayawa wancan ya sauka ya sayi ƙuli-ƙuli cike da leda. Ni kuma na karɓe kan burtu na naɗe shi a zanena, na ce a raina baki ya taɓa nama sau ɗaya, ba zai sake ba.

A Kongolam, bakin iyaka, aka sauke mu. Wurin nan kasuwa ne da kansa: babura, amalanke, jarkoki, kowa na sauri kamar an ce gobe za a ɗauke iyakar. Na duba ko zan ga katanga ko rami, ban ga komai ba sai igiya da aka gitta a hanya. Gero iri ɗaya, jakuna iri ɗaya. Akuyoyi ma ina kallonsu suna wucewa ta ƙarƙashin igiyar ba mai tambayarsu takarda.

A ɗaya ɓangaren igiyar wani saurayi mai kaki ya kwance kayanmu. Kwari da baka suna cikin naɗin tabarmar sallata, bai taɓa ba. Ya ɗaga kujera, ya juya ta, ya ajiye. Ya warware zanena, burtu ya kalle shi, ya kalli burtu.

Ya ce, "Ina sauran jikinsa?"

Wancan ya ce gado ne, sauran jikin ya riga ubansa mutuwa.

Sai ya juyo kaina. "Iya, mutumin nan mene ne naki?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Ɗanki ne?"

Na ce, "Ana faɗin haka."

"Wa ke faɗa? To yaya sunansa?"

Na ja bakin mayafi na rufe fuska. Ya maimaita, na yi shiru. Ya dubi wancan, ƙato, yana wari, yana ɗauke da kujera mai sarƙa da kan tsuntsu, ga tsohuwa ta kasa magana. Ya ce ya gane. Aka zaunar da wancan a gindin wata bishiya, aka sa mai gadi, aka kawo mini ruwa, ana ce mini kada in ji tsoro, in faɗi inda ya sato ni. Muna nan motarmu ta tafi. Rana ta take, ta karkata. Sai wani babbansu ya zo, dattijo mai furfura, aka yi masa bayani da Faransanci. Ya dube ni, ya dubi wancan, ya dubi hancinmu.

Ya ce, "Iya, na fari ne ko?"

Na ƙara jan mayafi.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da saurayin, "Kai tashin birni ne. Tawa uwar har ta rasu 'yaron nan' take ce mini." Ya sallame mu. Da ya miƙo kan burtu ya ce, "Alhaji, in dai farauta ce, a nan an hana taɓa barewa. Masu gandun daji ba su san wasa ba." Wancan ya buɗe baki, na yi gyaran murya, ya rufe.

Daga nan muka sami wata motar zuwa Matamai, daga Matamai zuwa Damagaram. A tasha muka kwana, ni a rumfar wata mai tuwo da ta ji tausayina, shi a kan benci, ya rungume kujerarsa. Mutanen kirki ne, Hausarsu tamu ce, sai dai sukan jefa wata kalma a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, wajensa ya yi tauri, cikinsa iska. Na ga mutum ya saƙale shi a hammata yana tuƙa keke. Shayinsu kuwa a wani ɗan kofi suke ba ka, bai fi tandun kwalli ba, ɗaci kamar maɗaci. Na daure na shanye don kada a ce baƙuwa ta raina, na yi godiya zan tashi, aka ce ai saura biyu, tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Mu a gida in ka ba baƙo abin sha a wannan kofi sai ya yi shekara bai gaishe ka ba. Akwai kuma cuku, nono ne da suke busarwa ya koma kamar fatar ganga. Haƙorina na gaba da yake motsi tun bara, a can na baro shi.

Ranar kasuwa muka hau motar kaya zuwa garin su Delu, a kan buhuna, tare da tumaki. Tafiya ta yi tafiya, itatuwa suna raguwa, suna gajercewa, har ya zama babu komai sai rairayi da tumfafiya da 'yan aduwa masu ƙaya. Ina kallon wancan yana ɗaga kai yana neman bishiyar da za ta ɗauki kujera da mai tumbi. Wadda ta fi tsayi a ƙasar nan, in ya tsaya kusa da ita shi zai yi mata inuwa. Kujerar tana can yanzu a tsakar gidan Delu, a kanta take tsince wake.

Delu ta rungume ni ta yi kuka, na yi. Aka yanka zabi, aka dama fura da nonon raƙumi, mai ɗan gishiri-gishiri. Ruwa a can daraja gare shi, rijiyarsu sai an ɗaura wa sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya fito. Duk da haka Delu ta cika bokiti, ta ɗora sabon sabulu a kai, ta aika wa wancan. Ya maido. Ta sake aikawa da turare. Ya maido.

Ta ce, "Yaya, lafiyarsa kuwa?"

Na ce, "Alkawari ya ɗauka."

"To me ya kawo ku cikin wannan rana?"

Na ce, "Zumunci."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun muna yara in na ɓoye ɗanwake.

Kashegari da la'asar wancan ya zaga bayan gari kamar mai shan iska. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ajiye hularsa a ƙasa, ya koma gefe. Na leƙa. 'Yan ƙananan kashi ne baƙaƙe, masu tsini. Na sha ganin irinsu a jakar marigayi. Na ce da bango, "Ita ce." Shi ma ya ce da bango, sawun ya bi ta bayan gidan maigari, ya tsaya wajen wasu aduwa. Abin ya ɗan dame ni, don marigayi ya ce barewa ba ta kusantar hayaƙi. Amma na ce kowace ƙasa da irin barewarta.

Da aka sallame asuba ya shirya. Warkin ubansa bai zagaye shi ba, sai da aka ƙara igiyar guga. Ya lulluɓa baƙin zane, ya ɗaura kan burtu, ya kawo hular Turawa mai ruwan lemo ya kifa wa burtun a ka. Ya cika aljihu da ƙuli-ƙuli, ya fita. Na ɗauki buta na bi shi daga nesa, kamar mai wata lalura.

Gari ya fara haske, sai ga ta. Wallahi kyakkyawa, ja-ja, siririya, tana tsintar 'ya'yan aduwa. Rabona da ganin barewa tun ina goyon autata. Wancan ya zube ƙasa ya fara rarrafe. Ya caki ƙasa, ya ɗaga kai, ya caki ƙasa. In ya yi kaɗan sai ya kwanta ya huta, burtu yana haki kamar sa. Ya fito da tsumman toka ya kaɗa, iska ta maido masa a fuska, burtu ya yi atishawa. Barewa ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da kiwonta. Na ce a raina, Allah ya ji ƙan marigayi, ilminsa gaskiya ne.

Abin da ban lura da shi ba, matan gari sun fito ɗiban ruwa. Ta gaba ta hango baƙin abu ƙato, mai bakin tsuntsu da hula, yana jan ciki a bayan gidan maigari. Ta ajiye tulu a hankali, ta juya. Kafin in ankara maza sun fito da sanduna da gatura, ɗaya da bindigar toka. Suka yi zobe daga nesa. Ina jin su. Wani ya ce aljani ne. Wani ya ce aljani ba ya sa hula, sabuwar dabarar ɓarayin shanu ce. Mai bindiga ya ce ko wane ne, in an harba za a gani. Ya durƙusa ya gyara.

Na yar da buta. Na ce, "Kai. Kai wannan. Tashi."

Bai motsa ba.

Na ɗaga murya. "Mai Taki, tashi tsaye su gan ka."

Ya ƙara dunƙulewa, ya caki ƙasa. Sai na tuna ni na ce kada ya amsa ko da muryar uwarsa ce. Yaron da bai taɓa jin maganata a kan komai ba, ranar ya ji.

Na ga yatsan mutumin nan ya tafi kan kunamar bindiga. To a nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna. Na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban maza, a ƙasar mutane. Matar jikana ta ɗaga kai tana jira in faɗa ta rubuta. Ba za ta ji ba.

Burtu ya sandare. Sai ya kife a ƙasa, baka ta yi nan, kibiya ta yi can, aka ji Ayatul Kursiyyu tana fitowa daga ƙarƙashin zane, da ƙarfi. Mai bindiga ya sauke bindiga. Ya ce, "Aljanin dai Musulmi ne." Barewa kuwa ta taho tana taƙama, ta wuce ta tsakanin mutane, ta sa hanci a ƙarƙashin zane, ta sami aljihu, ta hau cin ƙuli-ƙuli. A lokacin na ga wuyanta. Laya ce a ɗaure da jan zare.

Daga baya, a hanya, ya gaya wa tagar mota, ina ji, wai da ya ji muryata yana shakka. Da ya ji sunansa a muryar, sai ya tabbata mutanen ɓoye ne, don Inna ba za ta taɓa faɗa ba.

Aka kai mu zauren maigarinsu. Ashe barewar ta mahaifiyar maigarin ce, wata Hajiya da ta fi ni tsufa. Makiyaya suka tsinto ta tana jaririya, Hajiya ta raine ta da nonon akuya, a ɗakinta take kwana. Delu ta iso tana haki, ta ce ɗan yayarta ne, a yi haƙuri. Sannan ta juyo kaina.

"Yaya, da kin buɗe baki kin tambaye ni."

Na ce, "Ke kika ce har ƙofar gida take zuwa."

"To ƙarya na yi? Kullum sai ta zo. Dusa take nema."

Akwai wani tsohon maharbi a zauren, idonsa ɗaya ya tafi. Ya karɓi kan burtu ya shafa, ya ce aikin hannun masani ne. Ya ce shi ma nasa yana rataye, gizo-gizo ya yi gida a ciki, don bareyin dawa sun yi arewa tun shekarun fari, ragowar kuma hukuma ta hana. Ya ce da wancan, "Alhaji, wa ya koya maka farauta?" Wancan ya lissafa: uwarsa, da Turawa, da direba, da mai tabarmi. Tsoho ya ce, "Duk cikinsu ba wanda ya ce in ka sauka a garin da ba ka sani ba ka fara gaida mutanensa, ka tambaye su wace dabba ce ta Allah, wace ce ta Hajiya?" Wancan ya saci kallona. Na dubi rufin zaure.

Hajiya ta aiko da hukuncinta daga cikin gida. Ta ce ba ta son tara, ba ta son a kira masu gandun daji. Abu ɗaya ne ya ɓata mata rai: kowa ya ga burtu mai hula ban da ita. Sai an sake. Haka aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, wancan ya sake ɗaura kaya, ya yi rarrafe daga turke zuwa rumbu, yana caccakar ƙasa. Hajiya ta yi dariya har aka riƙa bubbuga mata baya. Da ya gaji ya zauna ya jingina da rumbu, barewa ta zo ta ƙarasa ƙuli-ƙulin, ta kwanta, ta miƙe wuya a kan cinyarsa, ta lumshe ido. Wani daga cikin mutanen gidan ya karɓi wayarsa ya ɗauke su hoto, ga baka a gefe, wai don ya riƙa tunawa da su.

Dawowa ba ni da abin faɗa. Ban ga hanya ba. Ina zaune a mota ina sallama da itatuwana ɗaya bayan ɗaya, har da ƙaramar da ke kusa da rafi wadda ba ta daɗe da fara 'ya'ya ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, maigarinmu ya tara dattawa. Aka ce in zo in zauna daga bakin zaure, tunda da ni aka yi tafiyar. Ɗanjuma ya fara. Ya zube ƙaho biyu, ya ce a dajin kudu ya kayar da ita, ya cinye naman a can saboda nisa. Dattawa suka juya ƙaho. Wani ya ga hudar ƙusa a gindinsa, wani ya sansana ya ce yana ƙanshin rumfar mai maganin gargajiya. Aka ajiye a gefe.

Aka ce wancan ya kawo tasa shaidar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ga abin da ya faru," ya buɗe waya zai fara bayani. Ba a bar shi ya kai ko'ina ba, waya ta bar hannunsa. Ta zaga zaure, kowa na matso da ita kusa da ido.

"Barewa ce, wallahi. Dubi yadda ta miƙe wuya."

"Ko jini babu. Harbin gwani ke nan."

"Mene ne wannan a wuyanta?"

Aka buɗe hoton da yatsa. Sai wani dattijo ya ce a hankali, "Laya ce. Barewa mai laya. Irin su ne kibiya ba ta kama su. Ubansa ya yi shekaru yana neman irinta bai samu ba." Ni dai ban taɓa jin marigayi ya faɗi haka ba.

Ɗanjuma ya ce, "To ina naman? Ina fatar?"

Wani ya ce, "Kai ma dai. Wa ke ratso shingayen hanyar nan da naman barewa ya iso gida da shi?" Kowa ya gyaɗa kai.

Maigari ya ɗaga hannu. Ya ce, "Inna Kande, ke kika gani da idonki. Tsakaninki da Allah, yaya aka yi?"

Na dubi hanyar rafi. Daga bakin zauren ana hango kan itatuwan. Na ce a raina, Kande, kin kusa kabari, ɗorawa ba za ta yi miki shaida a can ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, barewar gida ce. Ta wata tsohuwa ce, a ɗaki take kwana. Bai harba ko tsinke ba. Kifewa ya yi yana salati, ta zo ta cinye masa ƙuli-ƙuli. Barci take yi a hoton nan, yanzu haka tana can tana cin dusa."

Sai liman ya fara murmushi, maigari ya kama, dariya ta zaga.

Liman ya ce, "Kun ji kara irin ta mutanen da. Ko zaki ya kashe, cewa za ta yi kyanwa ce."

Wani ya ce, "Matan yanzu su zo su koya. Ɗanta ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ta ce ƙuli-ƙuli."

Na ce, "Wallahi gaskiya nake faɗa."

Maigari ya ce, "Mun sani, Inna, mun sani. Allah ya ƙara kunya." Ya sa aka kawo rawani.

To haka aka yi. Ranar nan na je Daura awo, na bi ta gaban shagonsa ban tsaya ba. Na hango kan burtu a rataye sama da buhunan taki, hoton an wanke shi ƙato an sa a gilashi. Samari sun cika benci, Sarkin Baka yana koya musu yadda ake shiga dajin da ba a sani ba. Na ji yana cewa a tunkare ta ta hagu.

Ni kuwa na faɗa a zaure, na faɗa a kasuwa, ga shi na sa an rubuta. Duk wadda na gaya wa sai ta dafa ni ta ce, "Inna Kande, ke dai akwai kara." Matar jikana ma da take rubutun nan, ga ta tana murmushi. Ta ajiye alƙalami haka nan, kalwata na kan wuta tun safe, ta bana ce, daga ƙaramar nan ta bakin rafi. Ƙurunƙus kan burtu, da hularsa.